Gwangwanin Shayi da Hatimi

Ni ke riƙe da littafin ƙungiyarmu,
don ni kaɗai na kai aji bakwai.
Mu goma sha tara ne, har da Mamoroesi
wadda ido ya gaza mata, yatsa bai gaza ba,
tana kaɗa gashin akuya, dare da rana duk ɗaya.

Asalinmu ƙungiyar binne gawa ce.
Mazanmu sun shiga ramin zinariya a ƙetaren iyaka,
wasu sun dawo da tari, wasu a akwati,
sai muka riƙa jefa kuɗi a gwangwanin shayi
kada mamaci ya jira bashi kafin ƙasa ta rufe shi.
Tsakanin rasuwa da rasuwa hannu ba ya zama,
ta nan saƙa ta shigo mana.

Wata safiya rediyo ya ce Maseru ta fito da tsari:
duk ƙungiyar da ke ci da guminta, tana goya wasu,
hukuma za ta dafa mata, in ta yi rajista.
Puseletso ta ce, "Dafawa dai ko dannewa?"
Aka yi dariya, aka yafa mini bargon fita.

Kwana na yi a hanya.
Ƙanƙara ta kwanta a kwarin Senqu,
jakin Ralebitso ya ƙi gada, sai da na roƙe shi.

A ofishin Mokhotlong na tarar da yaro mai tsabtar farce,
Lebusa sunansa, kuma ba mugu ba ne, in faɗi gaskiya.
Ya miƙo shafi goma sha ɗaya.
Gurbin farko: kasuwanci ne ko agaji?
Na ce duka biyun.
Ya ce ɗaya ake cikewa, Mama.
Na ce dardumar da muka sayar wa baƙi a Disamba
ita ta sayi akwatin mijin Malineo,
canjin ya kai marayu uku makaranta.
To, faɗa mini, a wane gurbi darduma za ta kwana?

Ya sosa ƙeya da biro.
Ya jawo kundi mai kaurin dutsen niƙa,
yana lasar yatsa yana juya shafi
har rana ta bar taga.
Can ya ce, "Ga shi! Sashe na tara. Sun tuna da irinku,
ba a dai taɓa tambayata ba ne."

Adireshi? Bayan dutse na biyu, inda hayaƙin kashin shanu ke tashi.
Asusun banki? Gwangwaninmu ba ya rufewa ran Lahadi.
Ya rubuta, ya soke, ya sake rubutawa.
Hatimi ya sauka, dum,
har ƙura ta tashi daga tebur.

Wata bakwai tallafi ya yi kafin ya hau dutse.
Kwanon rufi ya zo, madalla, ɗigo ya bar kan zarenmu.
Asibitin gunduma ya sayi barguna sittin, ya biya a kan kari,
wannan ma na rubuta shi da manyan baƙaƙe.
Sai injin kaɗi biyu masu shan lantarki,
a ƙauyen da waya ba ta san hanyarsa ba.
Kazar Puseletso na ƙwai a ƙarƙashin ɗaya.

Da na kai wa Mamoroesi takardar shaida
ta shafa ta gaba da baya, ta nemi baki, ta nemi ƙulli.
Ta ce, "Sumul, babu zare ko ɗaya.
Da me take riƙe da mu?"
Ta ninka ta huɗu, ta ce a sa a gwangwani.

Cikin sanyin Yuli ta tafi.
Daga gwangwanin aka biya mai akwati,
muka naɗe ta da bargon da ta kaɗa zarensa.

Yau rahoton shekara ke gabana, fitila na ƙarancin mai.
Gurbi na shida: mambobin da suka fice, da dalili.
Layi ɗaya aka bari, gajere.
Gobe zan sauka wurin Lebusa,
ya sake jawo kundin nan nasa.